Auren Ƙetare Da Maganar Takardu

  Yau maganarmu ta fi shafar mutanen gabashin Sakkwato, watau Sabon Birni da Isa da ƙauyukansu na bakin iyaka, amma ke ma da ki ke zaune a Gusau ko Birnin Kebbi kada ki ajiye jaridar, don ba a san inda rabo zai kai 'yarki ba. Maganar kuwa ita ce ta auren ƙetare, da takardun da ya ke bukata, da abin da kan sami mace in kwanakin da aka ba ta a ƙasar mutane sun ƙare ba ta fita ba.

Na san tsofaffinmu za su ce, yaushe auren Tsibiri ya zama auren ƙetare? Suna da gaskiyarsu. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga can kuma Ɗan Halima ya rabo ya kafa Sabon Birni wajen 1860. Watau gida ɗaya ne ya rabu biyu. Sai Turawan Ingila da na Faransa suka zauna can ƙasarsu suka ja layi a takarda, tsakanin 1906 da 1908 kuma ma'aikatansu suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Tsibiri ta faɗa hannun Faransi, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingilishi. Gulbin Maraɗi bai fasa gangarowa ba, amare ma ba a fasa kai su ba. A wancan zamani tsagar da ke kumatun yarinya ta ishe ta shaida ko ina ta shiga cikin ƙasar Gobir. Yau kuwa ma'aikacin da ke tsaye bakin shinge bai san kakanta ba, wataƙila ma daga wata jiha mai nisa aka turo shi, ko Hausa ba ya ji sosai. Abin da zai ce kurum shi ne, ina takarda?

A 1979 ƙasashen Afirka ta Yamma na ƙungiyar ECOWAS suka ƙulla yarjejeniya, cewa ɗan ko wace ƙasa cikinsu yana iya shiga 'yar'uwarta ba biza, ya zauna har kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya mai rai da katin allurar rigakafi. Ku lura da kyau, kwana 90 aka ce. Wanda zai zarce haka sai ya je wurin ma'aikatan shige da fice ya nemi izinin zama. Amarya kuwa ba kwana 90 aka kai ta ta yi ba. Shekara da shekaru ba wanda ya damu da wannan, sai ga shi al'amura sun soma juyawa. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ƙofar Illela ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin Yamai na ran 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, sai Maris na 2024 aka buɗe. Ran 29 ga Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar ɗungum. Gaskiya ne ko wane ɓangare ya yi sanarwa a lokacin cewa jama'a za su ci gaba da shiga da fita ba biza, amma irin wannan alfarma ce, wanda ya ba da ita yana iya janye abinsa. Cikin wannan wata na Janairu 2025 ne kuma hukumar Nijar ta fitar da sabuwar doka mai tsanani a kan shigar baƙi da zamansu, wadda ta ce baƙo sai da takardar tafiya ko ta zama, ta kuma tanadi kora da tara da ɗauri ga masu saɓawa. Ɗiyarki da ke ɗaki a Gidan Rumji, a idon wannan doka baƙuwa ce, ko da a garin aka binne cibiyar kakarta.

Ga kuma wata larura da ta ƙara yawan irin wannan aure ba da shiri ba. Tun 2019, da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Sabon Birni da Isa, dubban mutanenmu, yawancinsu mata da yara, suka tsallaka zuwa ƙasar Gidan Rumji da wajen Bangi ta ƙasar Madawa. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijar suka rubuta sunayensu, suka mai da waɗansu garuruwan da ke nesa da iyaka, kamar Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Waɗanda suka tafi suna 'yan mata, yau da yawansu matan aure ne da goyo. An ɗaura aurensu da goro da dabino da fatiha, aure sahihi ba shakka. Amma ran da za a komo gida, ko ran da miji ya riga mu gidan gaskiya aka zo rabon gado, ko ran da ya sake ta ya ce yara nasa ne ba za su tsallaka ba, da me za ta tsaya gaban alƙali? Takardar gudun hijira abar riƙewa ce da kyau, amma ba ita ce takardar aure ba.

Wata za ta ce, ashe waliyyi da sadaki da shaidu ba su isa ba ke nan? Sun isa. Aure ya ɗauru a wurin Allah da wurin Musulmi, takarda ba ta ƙara masa halasci ko na ƙwayar gero. Amma shaidu mutane ne, suna ƙaura, suna mantuwa, suna mutuwa, a wannan zamani kuwa gari guda ya kan watse cikin dare ɗaya. Ku tambayi malamanku, ayar da ta fi ko wace tsawo cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. In bashin buhun gero ya cancanci alƙalami, balle igiyar aure.

To, yaya a ke samun takardar? In a Nijar aka ɗaura, dokarsu ta 2019 ta ba da kwana 60 a je ofishin magajin gari, ko wurin wakilinsa na ƙauye, a rubuta auren. Haihuwa ma haka, kwana 60. In wa'adin ya wuce sai ta hannun alƙali, da shaidu da jeka-ka-dawo. In a wajenmu aka ɗaura, a nemi takardar shaidar aure daga kotun shari'a ko ofishin ƙaramar hukuma tun ƙunshi bai goge daga hannun amarya ba, a rubuta sunan waliyyi da na shaidu da yawan sadaki da ranar ɗauri. In kuwa takardar za ta ofishin jakadancin wata ƙasa mai nisa, to wannan bai isa ba. Sai an kai ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja sun buga hatiminsu, su shaida cewa hatimin kotun na gaskiya ne, sa'an nan a juya ta cikin Larabci ko Faransanci in an bukata, sa'an nan jakadan ƙasar ya ɗora nasa. Hatimi a kan hatimi ke nan, ko wane kuwa da kuɗinsa da kwanakinsa. Wanda ya ce miki zai gama miki duka cikin kwana biyu ba tare da kin motsa daga ɗaki ba, ki yi masa kallon ɓarawon akuya.

Akwai wani tarko a nan wanda ya kamata 'yan makaranta su sani. Waɗansu samari, don su burge Turawan ofishin jakadanci, su kan ce a je rajista a yi auren gwamnati, irin wanda a ke sa hannu gaban magatakarda. Wannan aure dokarsa dabam ce. Namiji ba shi da ikon ƙara mata muddin yana nan, ba ya kuma mutuwa da saki na baki ko na takarda, sai babbar kotu ta raba. Na san wata za ta yi murmushi ta ce ai maganin kishiya ya samu. To, amma in zaman ya ƙi, ke ma ba ki da mafita sai ta wannan doguwar hanya, kina iya gama iddarki a shari'a alhali a littafin gwamnati har yanzu matarsa ce ke. Kada ki sa hannu sai waliyyinki ya tambayi masana ya fahimta.

Sai maganar suna, wadda ta fi kama mu mu Hausawa. Yarinya ɗaya, a makaranta Hauwa'u, a gida Kulu, a katin zaɓe Maijidda, in ta tsallaka Nijar kuma malamin ofis ya rubuta ta da baƙaƙen Faransanci, Haoua. A nan ta sa sunan ubanta, can ta sa na kakanta, can kuma sunan garinsu. Ranar haihuwa ma haka, ko wane mai cika takarda ya ƙaga tasa. A wurinmu duk mutum ɗaya ce, amma kwamfutar ofishin jakadanci mutum huɗu ta ke gani. Kada ku ɗauki wannan wasa. A watan Satumba na 2012 an tsare mata alhazan Nijeriya fiye da 1,000 a filayen jirgin Jidda da Madina a kan maganar muharrami, aka komo da waɗansu gida ba su ga Ka'aba ba, cikinsu kuwa har da waɗanda suka tafi tare da mazansu, amma sunan da ke fasfonsu bai dace da na mazan ba. Daga baya Saudiyya ta sassauta sharaɗin muharrami, amma ba ta sassauta duban suna ba, ba kuma ƙasar da ta sassauta.

Saboda haka tun daga tushe a ke gyara. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ita ce uwa, daga gare ta a ke yin lambar ɗan ƙasa, watau NIN, ba a kuwa ba da fasfo sai da wannan lamba. Abin da aka rubuta a ta fari shi za a bi har ƙarshe, baƙi da baƙi. Uwargida, in kin haihu ki sa maigida ya karɓo wa jariri tasa tun kafin a gama wankan jego, mace ce ko namiji. Kada kuma a rage wa yarinya shekaru ko a ƙara mata don wata bukata ta yau, gobe ita za ta biya. A watan Satumba na 2025 aka mai da kuɗin fasfo mai shafi 32 na shekara 5 Naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 kuma Naira 200,000. Ba ƙaramin kuɗi ba ne, amma angon da ya iya cika akwatunan lefe ya iya wannan. Ki kuma riƙa duba ranar mutuwarsa, don ƙasashe da yawa ba su karɓar fasfon da ya rage masa ƙasa da wata 6.

Game da zama ɗan ƙasa, dokar Nijeriya ba ta auna mace da namiji da mudu ɗaya ba. Bisa sashe na 26 na tsarin mulkin 1999, baƙuwar da ɗan Nijeriya ya aura tana iya neman a rubuta ta 'yar ƙasa. Amma baƙon da ya auri 'yar Nijeriya ba shi da wannan ƙofa, sai ya bi ta sauran baƙi, wadda ke neman zaman shekara 15. An kai maganar gyara wannan gaban Majalisar Tarayya a watan Maris na 2022, 'yan majalisa suka ƙi, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar. Ni dai ban ga hujjar wannan bambanci ba. Nijar ta riga mu a nan, tun 2014 ta yarda mace ta jawo mijinta baƙo ya zama ɗan ƙasa kamar yadda namiji ke jawo matarsa, bayan aure ya shekara 3, ta kuma yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Abin da zai kwantar miki da rai shi ne, ɗan da ki ka haifa ko ina cikin duniya ɗan Nijeriya ne ta wajenki, bisa sashe na 25, ke kuma da aka haifa 'yar Nijeriya ba ki rasa ƙasarki don kin karɓi ta miji. Sai dai haƙƙin da ba a rubuta ba kamar kuɗi ne a cikin rijiya, naki ne amma ba ki iya cefane da shi.

Yanzu bari mu zo inda ƙaya ta fi tsini, watau Makka. Tun zamanin da a ke tafiya a ƙasa ta Barno da Sudan mutanenmu ke zuwa su zauna, har aka sami zuri'ar Hausawa waɗanda yau 'yan ƙasar ne sosai. Wannan ya sa har gobe a ke ganin zaman Makka abu ne mai sauƙi, in mutum ya shiga shi ke nan. Sai ka ji an ce wance ta yi sa'a, wani ɗan garinmu da ke Jidda ya aiko a ɗaura, ya ce a yi mata bizar Umra ta same shi. Uwa ta yi guɗa, ƙawaye su yi ta santi, ana hango haƙorin zinariya da atamfofi. Ba wanda ya tsaya ya tambaya, shi angon da wace takarda ya ke zaune?

Bizar Umra ta ibada ce. Kwanakinta ƙidayayyu ne, a 2022 aka ƙara su zuwa 90, kuma kafin aikin Hajji a kan sa ranar da ko wane mai Umra zai fita. A 2025 ranar ita ce 1 ga Zulƙida, daidai da 29 ga Afrilu. Ba a zama da ita, ba a aiki da ita, aure kuma ba ya mai da ita takardar zama. Takardar zama ita ce igama. Ran da kwanakin suka cika, in mace ba ta fita ba, ta shiga sahun waɗanda a ke kira 'yan takari, watau masu zaman ɓoye. Hukuncin da hukumar ƙasar ta bayyana a 2025 ga wanda ya zarce wa'adin bizarsa shi ne tara har Riyal 50,000, da ɗauri har wata 6, sa'an nan kora. Wanda aka kama yana neman yin Hajji ba izini kuma, tara har Riyal 20,000, a kore shi, a hana shi shiga ƙasar shekara 10.

Amma tun kafin a zo ga kamu, ki dubi irin zaman. Kotu ba ta rubuta auren marasa igama, saboda haka malamin unguwa ne zai ɗaura a ɗaki. In ciki ya zo, asibiti na tambayar igama, sai a haihu a gida ko a biya kuɗi mai yawa a ɓoye. Jariri ba takardar haihuwa, don ba a ba da ita sai an ga takardun iyaye da na aurensu. Ya isa makaranta, ba a ɗaukarsa. Saudiyya ba ta ba yaro ƙasa don an haife shi cikinta, ta wajen uba a ke gado. Nijeriya kuwa ba ta san da shi ba, tun da ba a taɓa rubuta shi ko ina ba. Haka yaro zai tashi, bakinsa Larabci da Hausa, bai san ko ina ba sai lungun unguwarsu, kuma ba ƙasar da ke da sunansa a littafi. Uwar kuwa ko ƙarar mota ta ji a ƙofa sai gabanta ya faɗi. In mijin ya doke ta ba ta iya kai ƙara, don ita za a fara riƙewa. In ya sake ta ba ta da inda za ta nemi haƙƙi. Wannan shi ne abin da masu komowa ba su cika faɗi ba, sai dai a ga akwati da turare.

Ran da aka yi kamu kuma ba a tambayar wa ke auren wa. Sai a kai mace gidan tsare baƙi na Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda, a ɗauki zanen yatsunta, ta jira jirgi, wani lokaci makonni, wani lokaci watanni. Miji yana wani wuri, wataƙila babban ɗanta yana wajen aiki bai ma sani ba. A watan Janairu na 2021 kaɗai ɗaruruwan 'yan Nijeriya aka sauke a Abuja daga irin wannan tsarewa. Zanen yatsu kuwa ba ya canzuwa, ko ta sake suna ta yi sabon fasfo na'ura za ta gane ta.

Hanyar gaskiya tana nan, sai dai ƙunci gare ta. In mijin baƙo ne mai igama, shi zai nemi izinin kawo iyali, ba kuwa ko wane irin aiki ne a ke ba mai shi wannan izini ba. Lebura da direban gida da masu aikin gida galibi ba su samu. In ya samu, akwai harajin iyali da aka soma a 2017 a kan Riyal 100, ya hau har ya kai Riyal 400 a wata a kan ko wane mutum ɗaya a 2020, watau Riyal 4,800 a shekara saboda ke kaɗai, ban da yara. Ki sani kuma igamarki a rataye ta ke da tasa. Ta hannunsa a ke fitar da izinin fita da komowa, in aikinsa ya ƙare ko aure ya mutu, zamanki ma ya girgiza. In kuwa mijin ɗan ƙasar ne, dokarsu ta hana shi auren baƙuwa sai da izinin Ma'aikatar Cikin Gida tun kafin ɗauri. Wanda ya zo Kano ko Sakkwato ya ɗaura ba wannan izini, ya yi 'yan watanni ya tafi, ya bar miki aikin da sai Allah. Saboda haka waliyyi ya ce a nuna masa izinin, ko hoton igamar da ranar mutuwarta, ya kai wa wanda ya iya karatun Larabcin ofis ya duba. Wannan ba rashin kunya ba ne. In ana binciken asalin mai neman aure da sana'arsa, ai wannan ma cikin sana'arsa ya ke.

To, wadda ta riga ta faɗa fa? Kada 'yan'uwanta su yanke ƙauna, kada kuma su tura kuɗi ga dillalan da ke cewa za su fitar da ita ta teku ko ta Yaman. Nijeriya tana da jakada a Riyad da ƙaramin jakada a Jidda, aikinsu ne su ba ɗan ƙasa da ya rasa fasfo takardar komowa gida ta gaggawa, su kuma rubuta yaran da aka haifa can in an kawo shaida. A nan ne tsohuwar takardar haihuwarta, ko hoton fasfonta da ke cikin adakar uwarta a Isa, zai yi rana. Hukumar ƙasar kuma ta kan yi afuwa jifa-jifa. Ta yi a 2013, ta sake yi a 2017, inda aka ce masu zaman ɓoye su fito su tafi ba tara ba ɗauri, ba kuma a rufe musu ƙofar komowa ta hanyar halal ba. Mata da yawa suka ƙi fitowa, waɗansu don tsoron tarko ne, waɗansu don kunyar komowa gida hannu biyu. Mu na gida muna da laifi a nan, don mu ne masu yi wa wadda aka koro dariya a gidan biki. In aka sake jin irin wannan sanarwa, ku aika wa taku ta fito, ɗakin uwarta bai cika ba.

In kuma wata hajiya ce ta zo ƙauye tana cewa za ta kai yarinya ta yi mata miji can, ita za ta biya kuɗin jirgi, ita za ta riƙe fasfo, a biya ta a hankali, to wannan ba aure ba ne, fatauci ne. Akwai hukumar NAPTIP da aka kafa a 2003 don yaƙi da fataucin mutane, tana da ofis a Sakkwato. A sanar da hakimi, a sanar da su.

Na Ingila da Amurka ba zan tsawaita ba, don kaɗan ne cikinmu ke zuwa, amma 'yan makarantarmu na hira da samari ta waya, gara su ji. A Ingila ba a shiga da bizar ziyara a juya ta ta zama ta aure, sai an komo gida an nema. A watan Afrilu na 2024 aka ce sai mijin yana samun Fam 29,000 a shekara, ku duka biyu kun cika shekara 18, ke kuma kin ci jarrabawar Turanci an duba ƙirjinki saboda tarin fuka. A Amurka wanda ya zarce wa'adinsa da fiye da kwana 180 ya fita, an rufe masa ƙofa shekara 3, in ya kai shekara guda kuwa, shekara 10. Wanda aka kama da ƙarya ko takardar jabu a ofishin jakadancinsu yana iya rasa shiga har abada. Duka ƙasashen biyu kuma ba su ba mace ta biyu bizar aure, saboda haka ki tabbata ke ce ta nawa tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba.

Akwai kuma 'yar'uwarmu da ba ta je ko ina ba, amma abin ya same ta har ɗaki, watau wadda miji ya tafi Libiya ko Aljeriya ko Makka, takardunsa suka mutu, ya kasa komowa, labari ya yanke. Ita ba mai aure ba, ita ba bazawara ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a ce ta zauna har tsufa ba. Tana kai ƙara gaban alƙali. In ba ci ba sha, alƙali na iya raba auren saboda rashin ciyarwa bayan ya yi bincike ya ba da wa'adi. In kuwa mijin ya ɓace ne ba a san rai ko mutuwa ba, alhali ya bar abin ciyarwa, a kan yanka mata shekara 4 daga ranar da alƙali ya gama nema, sa'an nan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Ku lura, ba daga ranar da ya tafi a ke ƙidaya ba. Wadda ta yi shekara 6 tana kuka a ɗaki ba ta je kotu ba, ƙidayarta ba ta ko soma ba. Can ma abin da alƙali zai fara nema shi ne shaidar auren.

Wajen ajiya kuma, kada a haɗa takardu duka wuri ɗaya, balle a ƙauyukan da a ke gudun dare. A yi wa ko wace hoto biyu, ɗaya wurin uwa ko waliyyi, ɗaya wurin wani ɗan'uwa a birni, a kuma ɗauke su a waya a tura wa amintacce. Na ainihi a naɗe su a leda a sa cikin gwangwani mai murfi, saboda gara da ruwan damina, a ajiye inda hannu zai kai cikin duhu. Fasfonki kuwa, ko a Maraɗi ko a Jidda, a hannunki zai kwana. In maigida ya ce ki kawo ya adana miki, ki ce masa cikin ladabi kin riga kin yi masa wuri a ƙasan adaka.

Wadda ke da tambaya a kan wannan ta rubuto, ba sai ta sa sunanta ba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.